Sabon shugaba, tsohon ciwo

Tun bayan Babban Taron Ƙasa na 1991, sau huɗu akwatin zaɓe ya ɗora sabon mutum bisa kujerar shugabancin Nijar: Mahaman Usman a 1993, Tanja Mamadu a 1999, Mahamadu Isufu a 2011, sai Mohamed Bazum a 2021. Kowane karo kuwa abu guda aka gani. Kafin guɗar rantsuwa ta lafa, manyan Maraɗi da Damagaram da Tawa sun sha manyan riguna da rawuna, sun cika motoci, sun nufi Yamai taya murna. Kowace tawaga da takarda a aljihu, kuma ba sai an buɗe ta ba an san abin da ke ciki: ɗan wane ya cancanci minista, ƙanen wane a ba shi farfe, surukin wane a tura shi jakada, kwangilar hanya kaza kada ta wuce Alhaji wane. Da wuya a ji tawagar da ta zauna gaban sabon shugaba ta ce masa gidan likitan garinsu ba ya da unguwarzoma, ko kuwa ɗakin maganinsu wayam yake tun watan jiya. An bar wannan magana ga mata, su kuwa mata ba a sa su cikin mota.

Wannan ɗabi'a ba ƙaramar ɓarna ta yi ba. Makonnin farko na mulki su ne lokacin da sabon shugaba yake jin nauyin waɗanda suka zaɓe shi, kunnensa bai toshe da kirarin fadawa ba tukuna, kuma a nan ne ake shata kasafin kuɗin da zai bi har ƙarshen wa'adinsa. Jahar da ta kashe wannan dama wajen roƙon muƙami ta sayar da lafiyar ƴaƴanta na shekara biyar da kujerar mutum ɗaya. Tarihin shekara talatin ya isa shaida.

Shekarar sankarau

Lokacin da Mahaman Usman ya yi rantsuwa cikin watan Afrilu na 1993, binciken ƙasa na 1992 bisa lafiya da yawan jama'a ya riga ya faɗi abin da ya kamata ya hana kowane ɗan siyasa barci: cikin yara 1,000 da ake haifa a Nijar, 318 ba sa kai shekara biyar. Kusan ɗaya cikin uku ke nan. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, maganin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabo, ma'aikatan lafiya kuwa suna bin gwamnati bashin albashi na watanni.

Me ya ɗauke hankalin zaɓaɓɓu a wannan lokaci? Rabon kujeru. Ƙawancen AFC da ya kai Usman fada ya tsage a 1994, aka sake zaɓen majalisa a farkon 1995, aka shiga zaman doya da manja tsakanin shugaban ƙasa da firaministansa Hama Amadu. Aka kwashe watanni ana jayayya bisa wanda zai shugabanci taron ministoci da wanda zai naɗa darektocin kamfanonin gwamnati. A daidai wannan shekara ta 1995 sankarau ya kwantar da mutum fiye da 40,000 a ƙasar, dubbai suka riga mu gidan gaskiya. Abin da ya fi muni, cikin allurar riga-kafin da ta shigo daga Nijeriya da sunan gudummawa akwai ta jabu, wadda ba ta da komai na magani a ciki, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta an yi wa mutum sama da 50,000 ita. Uwa ta goya ɗanta, ta yi layi cikin zafin bazara, ta koma gida tana hamdala, alhali ruwa kawai aka tsira wa yaron.

A shekarar ce kuma aka kafa dokar da ta ɗora wa marar lafiya biyan wani kaso na kuɗin jinyarsa, bayan gwajin da aka yi a Boboye da Say. Dokar tana da amfaninta, don ta ba kowane gidan likita asusun sayen magani wanda kwamitin mutanen gari ke kula da shi. To amma an kawo ta ne ga manomin da kuɗinsa suka riga suka karye. Ranar 27 ga Janairu 1996 soja suka kwashe kowa da kowa, kuma talakawa kaɗan ne suka zubar da hawaye.

Abin da ya yiwu da aka waiwayi ƙauye

Adalci ya wajabta a faɗi abin da ya biyo baya. Tanja Mamadu ya ɗauki kuɗin yafe bashin da ƙasashen waje suka yi wa Nijar ya zuba cikin abin da ya kira shirin musamman na shugaban ƙasa, kuma tsakanin 2000 da 2007 an gina ƙananan gidajen likita na ƙauye kusan 2,000. An soki shirin, kuma sukar tana da tushe: wasu gine-ginen an dasa su inda ɗan siyasa ya nuna da yatsa, wasu sun daɗe a kulle babu ma'aikaci. Duk da haka, inda aka sa ma'aikacin da aka koya wa gane zazzaɓin cizon sauro da ciwon haƙarƙari da zawo, yaron da a da sai an yi tafiyar wuni da shi bisa amalanke ya sami magani kafin la'asar. A ƙarshen 2005 aka ce aikin fiɗa na haihuwa kyauta ne, a 2006 aka ƙara da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar da awon ciki da tsarin iyali. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna mace-macen yara sun sauko zuwa 127 cikin 1,000. Daga 318 zuwa 127 cikin shekara ashirin, a ƙasar da ake kira ta ƙarshe a duniya. Mujallar likitoci The Lancet ta buga nazari a kan lamarin a 2012, ta jingina nasarar ga gidajen likitan ƙauye da jinya kyauta da gidan sauro da yaƙi da tamowa.

To amma Tanjan nan shi ne ya musanta cewa akwai yunwa a 2005, shekarar da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu matsananciyar tamowa, galibinsu a jahar Maraɗi. Gwamnatinsa ce kuma ta dakatar da reshen Faransa na ƙungiyar a Maraɗi a 2008. Hannun da ya bayar shi ya karɓe, don alherin ya fito ne daga zuciyar mutum ɗaya, babu wata takarda da jama'a suka rubuta suka riƙe shi da ita. Abin da shugaba ya yi don ganin dama, ranar da ransa ya ɓaci sai ya fasa.

Kyautar da ba a biya ba

Ita kanta jinya kyauta, yadda aka tafiyar da ita darasi ne. Ga tsarin: gidan likita na CSI ya duba yaro, ya ba shi magani daga ɗakin ajiyarsa, bai karɓi ko dala ba. Ya cika takardun bin bashi, takardu su hau asibitin gunduma, su wuce jaha, su isa ma'aikatar lafiya, daga can su jira baitulmali. Baitulmali kuwa sai ya yi watanni, wani lokaci shekaru, bai mayar da kuɗin ba. Asusun da kwamitin gari yake sayen magani da shi ya ƙafe, mai sayar musu da magani ya daina ba da bashi, kantoci suka zama wayam. Uwar da aka gaya wa a rediyo cewa jinyar ɗanta kyauta ce sai a miƙa mata takarda a ce ta je farmasi ta saya. In babu jika biyu ko uku a bakin zanenta, sai ta faɗa hannun mai tallan ƙwayoyi a kasuwa, wanda maganinsa ya wuni cikin rana bisa faranti. Masu bincike na cibiyar LASDEL da ke Yamai sun bi wannan sarƙa daki-daki sun rubuta ta. Bashin ya kai miliyar da dama na sefa, har sai da aka kira babban taro a 2012 don ceto shirin.

Wa ya sha zagi? Ma'aikacin jinya da ke tsaye gaban jama'a, wanda ake zargi da sayar da magani ta bayan gida. Akwai masu yin hakan, kuma hukunci ya dace da su. Amma wanda ya sa hannu bisa dokar kyauta bai ware mata kuɗi ba yana can Yamai cikin sanyin ofis, babu mai ganinsa balle ya tambaye shi. Ƴan majalisar da aka zaɓa daga Tasawa da Madawa da Mirriya, su da a da suke kaɗa ƙuri'a bisa kasafin kuɗi kowace shekara, nawa ne cikinsu suka taɓa ƙin ɗaga hannu sai an biya bashin gidajen likitan mazaɓarsu? A Abuja a 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi. Shekara bayan shekara majalisar Nijar ta amince da kason da ke can ƙasa da wannan ma'auni, ta tafa, ta tashi.

Siminti ya fi ɗaukar hoto

Mahamadu Isufu ya zo da gine-gine. Yamai ta sami gadojin sama, ta sami babban asibiti mai gado 500 da ƙasar Sin ta gina aka buɗe a 2016, ta sami manyan otal da sabon gini a filin jirgi don taron Tarayyar Afirka na 2019. Babu mai hankalin da zai ce ƙasa ba ta buƙatar babban asibiti. Tambayar ita ce, cikin abin da ke kashe ƴan Nijar, kashi nawa ne ke jiran injin zamani, kashi nawa ne kuma ke jiran ƙwayar zazzaɓi da ledar jini da ruwa mai tsabta?

Amsar ta zo da kanta. A 2015 wani nau'in sankarau dabam da wanda allurar 2010 ta karya ya kama mutum kimanin 8,500, ya kashe fiye da 570. Allura ta yi ƙaranci, aka rufe makarantun Yamai, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake gargaɗi cewa allurar jabu tana yawo a ƙasar, shekara ashirin cif bayan ta farko. A daminar 2018 amai da zawo ya ɓarke a Madarunfa ya bazu. A watan Satumba na shekarar MSF ta shaida cewa kimanin yara goma ke mutuwa kowace rana a sashen yara na asibitin Magariya, inda zazzaɓi da tamowa suka haɗu. Yara goma a rana, a gunduma ɗaya, shekara guda kafin a shimfiɗa wa baƙi jan kafet.

Masu kare gwamnatin wancan lokaci suna cewa tsaro ne ya cinye kuɗin, tun daga hare-haren Boko Haram a Difa a 2015. Gaskiya ne yaƙi yana da tsada. Sai dai binciken da aka yi a ma'aikatar tsaro, wanda ya fito fili a 2020, ya nuna gomman miliyar sun salwanta cikin aringizon farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba. Ashe kuɗin suna nan, hanyar Magariya ce ba su sani ba. Mohamed Bazum kuwa bai cika wata shida a fada ba kwalara ta 2021 ta kama mutum sama da 5,000, ta fi tsanani a jahohin da ke bakin iyakar kudu. Sankarau ya dawo Dungas da Magariya a ƙarshen 2022, mashaƙo ya sauka Matamai a 2023.

Yau babu akwati, amma akwai fada

Tun ranar 26 ga Yuli 2023 soja ke riƙe da ƙasar. An rusa majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilu na 2024, an soke jam'iyyu a watan Maris na 2025, lokacin da Janar Abdurahaman Tiani ya yi rantsuwar shugabanci na shekara biyar. Magajin garin da a da za a iya tarewa a bakin masallaci a tuna masa ƙuri'a, yanzu naɗaɗɗe ne ke kujerarsa. Wannan bai sauke wa kowa nauyi ba, don sauro bai san an dakatar da tsarin mulki ba.

A watan Agusta na 2024 gwamnati ta rage kuɗin jinya a asibitocinta da rabi, ta ce haihuwa kyauta ce. Mataki ne da talaka ya yi marhabin da shi. Amma wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle: wa zai cike wa gidajen likita rabin da aka yafe, kuma cikin kwana nawa? In ba a amsa wannan ba, to 2006 za a maimaita. Ga shi takunkumin CEDEAO na 2023 zuwa farkon 2024 ya nuna yadda ɗakunan magani ke bushewa da zarar an rufe iyaka, Amurka ta datse yawancin taimakonta na waje a 2025, an kuma sallami ƙungiyar agaji ta CICR daga ƙasar a farkon 2025. Duk wanda ya ce ƙasa za ta tsaya da ƙafafunta, to ya ɗauki alkawarin sayen gidan sauro da abincin masu tamowa daga aljihun ƙasa. Nijar ta fara fitar da ɗanyen man Agadem zuwa kasuwar duniya a 2024. Halal ne mutanen karkara su tambayi rabonsu a ciki.

Takardar da ya kamata a sa a aljihu

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da kudancin ƙasar nan ke buƙata ba boyayye ba ne, kuma bai wuce shafi ɗaya ba.

Na farko, a biya bashin jinya kyauta, a sa wa biyan wa'adi sananne, a kuma liƙa a ƙofar kowane asibitin gunduma abin da yake bi da abin da aka biya shi, don kowa ya karanta.

Na biyu, ma'aikata. Kowane CSI ya sami unguwarzoma da ma'aikacin jinya masu cikakken albashi, a daina riƙe gidajen likita da ƴan kwantaragi da ƴan sa-kai waɗanda ba su san ranar biyansu ba. Wanda aka tura Dakoro ko Tanut ya zauna can wa'adinsa, a ba shi alawus da muhalli, kada wayar wani babba ta mayar da shi Yamai bayan wata uku.

Na uku, a yi aiki da kalandar damina. Kowa ya san daga Yuli zuwa Oktoba rumbu ya ƙare, sauro ya yi yawa, gadajen yara sun cika. Maganin riga-kafin zazzaɓi da ake ba yara wata-wata a wannan lokaci, wanda aka fara a 2013, da gidan sauro da abincin masu tamowa da ledar jini, duk su isa gunduma kafin ruwan farko ya yanke hanya. Allurar zazzaɓin da aka ƙaddamar a Gaya a 2024 ta kai ga sauran jahohi. Kai kaya cikin watan Satumba ihu ne bayan hari.

Na huɗu, ruwa da mota. Kwalara tana bin rijiyar da ambaliya ta gurɓata, famfo ɗaya mai aiki kuwa ya fi tantin jinya goma. Mace mai naƙudar da ta gagara ba ta da lokacin da za a yi karo-karon kuɗin mai. A wasu gundumomin jahar Tawa an gwada ƙara dala ashirin bisa kuɗin ganin likita don asusun ɗaukar marasa lafiya, an kuwa ga amfaninsa. Matan da ke jinyar yoyon fitsari a Danja, yawancinsu jinkirin hanya ne ya kai su can.

Na biyar, iyaka. Kasuwa ɗaya ce, aure ɗaya ne, ciwo ma ɗaya ne tsakanin Maraɗi da Katsina, Damagaram da Jigawa, Ƙonni da Sakkwato. Ko wace irin tsama ke tsakanin fadoji, likitocin gundumomin ɓangarorin biyu su riƙa musayar labarin annoba, a yi riga-kafi lokaci guda, a kuma tsare hanyar maganin jabu da irin ƙarfin da ake tsare hanyar makamai.

Wa zai rubuta wannan takarda? Kwamitocin kula da gidajen likita, da sarakuna da masu gari, da limamai, da ƙungiyoyin mata, da ƙungiyoyin ƙwadago na ma'aikatan lafiya. Kowace gunduma ta rubuta tata da sunayen garuruwa da adadi da kwanan wata, a karanta ta a gidajen rediyon karkara, a kai wa masu mulkin yau, a kuma ajiye kwafi don duk wanda zai zo neman ƙuri'a ranar da akwati ya dawo. Bayan shekara a sake karanta ta a bainar jama'a, a ware abin da aka cika da abin da aka ci amana. Masu cewa mutanen ƙauye ba za su iya ba sun manta wanda ya tace ruwa da ƙyalle, ya bi gida-gida, har aka tabbatar a 2013 cewa kurkunu ya bar Nijar. Sun kuma manta cewa a watan Janairu na 2025 Nijar ce ƙasar Afirka ta farko da aka tabbatar ta kawar da makantar da ƙudan bakin kogi ke haddasawa.

Tawaga za ta sake shiga mota, ko ba daɗe ko ba jima, don ba a taɓa yin sabon shugaba ba tare da masu barka ba. Kafin direba ya tayar da mota, ya kamata matan gari su tsaya a tasha su nemi a buɗe takardar da ke aljihun jagora a karanta musu. In sunayen masu neman muƙami ne kaɗai a ciki, to a sauke shi, a ba unguwarzoma kujerarsa.